Wasan Taubasai Da Na Kai Gidan Rediyo

Edita, ni tela ne a Tudun Wada, cikin garin Sakkwato, kuma a lokacin da abin nan ya faru bakina ya fi kekena gudu. Allah Ya yi mini iya zance, duk majalisar da na zauna sai an yi dariya har da riƙe ciki. Da kakar zaɓen ƙananan hukumomi ta zo, wani mai neman kansila a mazaɓarmu ya ɗauke ni sojan baka, wato in riƙa shiga rediyo ina kambama shi ina kuma kwance wa abokin takararsa zani a kasuwa. Na karɓa jiki na rawa, don ina son a ji muryata a gari. Sai dai abokin takarar nan ba bare ba ne, taubashina ne, ɗan gwaggona, wanda muka tashi kwano ɗaya a gidan kakanmu a Ƙofar Atiku.

Wanda ya san wasan taubasai ya san babu abin da ba a faɗa. Ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, don haka kullum ina ce masa bawana, shi kuma ya ce kaina kamar ƙwaryar hura. Yana da wani suna da duk dangi suka san shi da shi. Muna yara, wata babbar salla an soke ragunan layya a itace an jera su gefen wuta kamar yadda muke yi a nan, ba a taɓawa sai washegari, shi kuwa kwaɗayi ya hana shi haƙuri, ya lallaɓa ya yanke wutsiyar ragon kakanmu ya ƙone yatsu. Tun ranar muke ce masa ɓarawon layya. Ko ranar aurensa da sunan na kira shi, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Da ya girma ya zama mai sayar da hatsi, kuma shi ya tara matasan unguwa suka riƙa bi gida-gida bayan salla suna karɓar naman layya suna kai wa marayu da matan da mazansu suka rasu. Wannan aiki ne ya sa mutane suka matsa masa ya fito takara, shi bai ma so ba. Da ya ji an ɗauke ni sojan baka, har shago ya zo yana tsokanata, ya ce in zage shi da kyau kada in ci kuɗin mutane a banza, amma in tuna ranar cika-ciki yana nan tafe karɓar kuɗin shararsa, ɗan abin da taubashi ke ba taubashi duk shekara.

Ana saura kwanaki kaɗan zaɓe, uban gidana, ɗan takarar da ya ɗauke ni, ya kira ni ya ce ƙuri'a na zamewa, kuma yabon da nake yi masa ba ya tsinana komai, in nemo abin da zai karya mutumin. Na shiga rediyo ba tare da na shirya komai ba, zance ya yi daɗi, sai na ji bakina ya ce ni jinin abokin takarar nan ne, kuma a tambayi kowa a danginmu, sunan da muke kiransa da shi ɓarawon layya. Na rantse da Allah a kan haka. Mai gabatar da shirin ya tambaye ni ko naman marayu nake nufi. Wallahi ina iya cewa a'a, ina iya ba da labarin wutsiya a yi dariya a wuce. Sai na ce masa mai hankali ba a yi masa dogon bayani. Ina fita ana tafa mini, ni ko har da gyara hula.

Ban yi ƙarya ba, da wannan na riƙa lallashin kaina. To amma kafin la'asar an yanki muryar an watsa ta a wayoyi. Taubashina ya faɗi zaɓe, wannan ba komai ba ne, kowa na faɗuwa. Abin da ya fi ciwo shi ne sallar da ta biyo baya, da matasan suka fita da kwanoninsu, gidaje da yawa suka ce sun riga sun rabar da nasu. Wata tsohuwa ta ce musu ba ta ba ɓarawo. Shi da kansa ya janye daga aikin don kada marayu su rasa saboda shi, amma abin bai sake tsayuwa da ƙafarsa ba. Gwaggo ta aiko a gaya mini ita ba ta yi mini baki ba, sai dai in sani sunan nan ita ta fara faɗinsa tana shafa masa magani a yatsu. Uban gidana kuwa tun da aka rantsar da shi lambarsa ba ta shiga.

Na koma rediyon na ba da labarin wutsiya tiryan-tiryan, babu wanda ya yanka ya watsa. Na tafi runfar taubashina a kasuwa na durƙusa na roƙi gafara, ina fatan ya zage ni, ko ya mare ni ma. Sai ya miƙe ya shimfiɗa mini buzu, ya kira ni malam, ya tambayi iyali da aiki, ya ce ya yafe duniya da lahira. Na ce masa bawana ko zai tanka, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo, ya tambaye ni ko akwai hatsin da nake so a auna mini.

Ina kira ga 'yan'uwana masu shiga rediyo da masu rubutu a waya, zaɓe kwana ɗaya ne, kujera ma ta 'yan shekaru ce, kuma ana iya kashe mutum da gaskiya in aka faɗi rabinta. Abin da aka faɗa maka a tsakar gida cikin wasa amana ce, kada ka kai shi kasuwa don wani ya ci zaɓe. Ni dai duk ranar cika-ciki ina buɗe shago da wuri, in sa kuɗin shara a aljihun gaba, in zauna ina kallon hanya. Har yau bai zo karɓa ba.