Zumuncin da aka faɗa a rediyo

Yayata ce ta fara jin labarin, ta tako daga unguwar Rikoto har gidana ba ta ko ɗaure ɗankwali da kyau ba. Rediyo ya ce ƙasar da mijinta ya mutu a cikinta ta buɗe ofishin jakadanci a Abuja, domin ƙarfafa zumunci.

Mijin nata soja ne, kamar rabin mazan unguwarmu. An tura su kwantar da tarzoma a can, can ya faɗi, can aka binne shi. Kakinsa kawai aka kawo mata. Tun daga ranar burinta ɗaya ne: ta ga kabarin kafin ƙafafunta su gaza.

"Auta, sun tuna da mu," in ji ta. "Tashi ka kai ni."

Na yi aikin tuƙi a ofisoshin jakadancinmu a ƙasashe uku, na san abin da ake rubutawa da Turanci da Faransanci a irin wannan rana. Kalmar tasu ta abokin ciniki ce. Mai fassara ne ya ga zumunci ya fi daɗin faɗi. A Zuru kuwa, wanda ya ce yana zumunci da kai, shi ne zai zo da fartanya ranar da kake haƙa kabari. Na yi mata bayani da Hausa, na sake da yarenmu na Dakarci. Ta ce yawon duniya ya ɓata ni.

Muka tafi. Ta riƙo kaza biyu, masu gadi suka hana ta shiga da su.

Jami'in da ya karɓe mu mutum ne mai ladabi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya miƙo takardar neman biza: kasuwanci, karatu, taro. Na tambaye shi da Faransanci ina gurbin mai ziyarar kabari. Ya ce babu, sai dai in wani kamfani a can zai gayyace ta. Maƙabartar sojojin ma bai san garin da take ba. Na ce to me ya kawo su? Bai ɓoye ba. Suna son riɗi da citta, kuma 'yan kasuwarsu sun gaji da bi ta hannun dillalai.

"Mi ya ce?" in ji Yaya.

Ko da nake direba, na yi shekaru ina tafinta, ina tausasa maganar manya kafin in juya ta. Ranar ban iya ba, na faɗa mata yadda ya faɗa.

Ta dubi jami'in. "Gaya mishi ina noma riɗi. Tambaye shi buhu nawa ake kawowa a nuna wa mutum inda mijinsa yake."

Na fassara. Ya sunkuyar da kai, ya ce zai rubuta wasiƙa zuwa gida. Damina biyu ke nan, amsa ba ta zo ba. Yanzu Yaya ba ta iya hawa mota zuwa Dirin Daji ma, balle jirgi.