Ranar da Baba ya naɗe askarsa

Mahaifina wanzami ne, shi ma a hannun nasa mahaifin ya gaji sana'ar. A Unguwar Shanu muka tashi, kuma babu layin da ba a san zabirarsa ba. Idan aka haihu, shi ake aika wa tun kafin a yi zancen rago. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Ni na fara yi masa maganar idon. Lokacin na yi aure a Kurmin Mashi, na zo gida wuni. Ina durƙushe ina dama masa fura, ya sunkuyo zai karɓi ludayi, sai na ga ƙwayar idonsa tana hawa a hankali tana faɗowa da sauri, kamar ana fizgo ta da zare. Duka biyun, ba tsayawa.

"Baba, idonku rawa yake yi."

Ya yi dariya. "To baƙo za mu yi ke nan. Gaya wa Ummanki ta ƙara tuwo."

Na bi shi da dariya, amma raina bai kwanta ba. Rawar idon da ake cewa ta baƙo a fatar ido take, wannan kuwa ƙwayar ce kanta. A madafa Umma ta gaya mini ya daɗe yana cewa bango na motsi, kuma abin ya fi tsanani idan ya kalli ƙasa. Aikin wanzami kuwa duk kallon ƙasa ne.

Ba a jima ba aka yi wa Gwaggo, ƙanwar Baba, jika a Rigachikun. Muka tafi suna gaba ɗayanmu. Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Gwaggo ta zauna da jaririn a cinya, Baba ya wasa aska, ya jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi da sabulu. Ya yi bisimilla ya kai askar kusa da gashin, sai ya tsaya. Ya ɗaga kai, ya lumshe ido, ya sake sunkuyawa. Ya sake tsayawa.

"Yaya, lafiya?" in ji Gwaggo.

"Riƙe shi da kyau, kansa ba ya tsayawa."

"Yaya, ai barci yake yi. Ko motsi bai yi ba."

Baba ya daɗe yana kallon askar da ke hannunsa. Daga nan ya goge ta a gefen zanen aski, ya naɗe ta, ya ce a nemo wani wanzamin. Bai jira waina ba, bai jira nama ba. Na bi shi har bakin titi ina roƙonsa ya zauna, ya ce, "Uwata, da na yanki ɗan mutane fa?" Ya hau mota ya koma gida shi kaɗai. Tun daga ranar bai ƙara ɗora aska a kan kowa ba.

Aka shiga neman magani. Ya sha rubutu, aka yi tofi, aka turara hayaƙi. Wasu maƙwabta suka fara raɗe-raɗin sammu ne daga abokan sana'a, ya hana a ƙara faɗin haka a gidansa. A asibitin ido suka duba suka ce idon lafiyarsa lau, ko tabarau ba zai yi amfani ba, suka tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ni da yayana muka raka shi aka ɗauki hoton kansa.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta nuna mana wani abu a hoton kamar igiya da ta lanƙwashe. Ta ce jijiyar jini ce da ke bi ta ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Ta Baba ta yi faɗi ta yi tsawo fiye da yadda ya kamata, har tana danne wurin da ke riƙe ido ya tsaya cak. Ta ce hawan jini da ya daɗe a jiki yana iya taimaka wa irin wannan.

"Ashe ba idon ne mai laifi ba," in ji Baba. "To, 'yata, ba a yankawa a gyara?"

Ta ce wurin yana da zurfi, kuma kusa yake da inda ake sarrafa numfashi, haɗarin taɓawa ya fi amfaninsa. Ta ba shi maganin hawan jini da wani na rage rawar. Ta kuma faɗa mana a fili cewa irin wannan jijiya tana iya kawo shanyewar jiki.

Maganin ya ɗan rage, amma bai tsayar ba. Baba ya koma zaman gida. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne yadda mutane ke kawar da kai idan suna gaisawa da shi, yara kuma su tsaya suna ƙura masa ido. Ya sayi baƙin tabarau. Karatun Alƙur'ani da yake yi bayan la'asar ya gagara, don layukan tsalle suke yi masa, sai dai ya rufe ido ya bi abin da ya haddace.

Da na haifi ɗana na fari, ban yi zaton Baba zai zo suna ba, amma ya zo da sassafe. Wani abokin sana'arsa ne ya yi askin. Baba ya zauna a gefe, bai ce komai ba sai sau ɗaya: "A hankali wajen maɗiga." Da aka gama na miƙa masa yaron. Ya cire tabarau ya kalle shi, ya karkata kai nan, ya karkata can. Sai ya rufe ido, ya bi fuskar da yatsa.

"Uwata, gaya mini kamanninsa. Na kasa tsayar da fuskar."

Na ce hancinku ne, da goshinku. Na so in ƙara, kuka ya tare ni. Shi ne ma ya koma rarrashina, yana cewa mai jego ba ta kuka.

Da damina ta zagayo abin da likitar ta faɗa ya faru. Yana alwalar azahar buta ta suɓuce masa, ya zame gefen rijiya. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Ya yi 'yan kwanaki a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan Umma ta fita takaba na raka ta kasuwa. Mun zo tsallaka babban titi, ga motoci ga 'yan acaɓa, sai na ga ta miƙa hannun hagunta baya tana laluben iska. Na ce, "Umma, me kike nema?" Ta janye hannun ta cusa cikin hijabi. A nan ta gaya mini ita ke tsallakar da shi duk lokacin da zai fita, kuma ya roƙe ta kada ta gaya mana. Muka tsaya a bakin titin har hanya ta buɗe ta sake rufewa, ba wadda ta motsa a cikinmu.