Sunan da Na Kira a Sama

Ni mutum ne mai baki, duk Kantin Kwari an shaide ni. Amma akwai suna guda da bakin nan bai taɓa furtawa ba, sunan 'yata ta fari. Haka muka taso, ba a kiran sunan ɗan fari, kunya ce. "Yarinyar nan" nake ce mata tun tana goye har ta yi aure.

Mijinta na ɗauko zuwa Guangzhou ta ƙasar China ya koyi sarin kaya. Mutum ne mai ladabi, ko ruwa ba ya sha a gabana, ni ma ina riƙe da girmana na suruki kamar ƙwai a cokali. Da muka gama da kasuwar Shisanhang, muka fito daga sallar Juma'a a masallacin Huaisheng, sai wani abokina ɗan Maraɗi ya ce mu je wurin wasanni mu sha iska.

Can na ga abin. Ɗan ƙaramin jirgi ne a kan dogo mai murɗewa kamar hanjin rago, mutane a ciki suna ihu. Na ce, "Wannan ne abin kuka? Ni da na je Agadas a tsaye a bayan a-kori-kura?"

Abokina ya ce, "Alhaji, bar wa yara. Da hawan jininka?"

Wannan maganar ce ta kai ni. Shi ya ƙi hawa, sai ya tura surukina: "Raka Baba."

Kujerun bibbiyu ne, muka zauna gwiwa da gwiwa, yana ta noƙewa. Ma'aikaciyar wurin ta dafa ƙirjinta, tana tambaya ko ina da ciwon zuciya. Na ce mata "meyo", wato babu, kalmar da 'yan China suka sha faɗa mini a shago. Ta nuna hulata. Na cire, sanƙon da surukina bai taɓa gani ba ya fito fili yana ƙyalli.

Ina da dabara. Na sha ganin irin jirgin nan a waya, yakan hau tudu a hankali kafin ya gangaro. Na ce a hawan nan zan yi addu'o'ina a ɓoye, in gyara fuska. Ashe wannan ba ya hawa tudu, harba shi ake yi. Na buɗe baki zan ce bismilla, aka cilla mu kamar dutse daga danƙo. Kumatuna suka koma ƙeya, cikina ya tsaya a tasha yana jirana. Da na ga ƙasa a sama, sama a ƙasa, na tabbata kwana ya ƙare.

Na yi salati. Na kira Innata da ta daɗe a kabari. Sannan na damƙi hannun surukina da hannu biyu, na kwarma sunan yarinyar nan. Cikakkensa, ba sau ɗaya ba. Na ce masa, "Amana ce! Na bar maka amanarta! Ka ce mata ta yafe mini!"

Kafin in gama wasiyya jirgin ya tsaya. Yaran China suka sauka suna dariya, ni ina riƙe da hannun mijin 'yata, hawaye har kunne.

A bakin fita akwai allo mai nuna hoton kowa. Ga ni nan, baki kamar rijiya. Mai sayar da hoton yana kirana "laoban, laoban", wato maigida. Surukina ya tsaya a gaban allon ya tare shi da bayansa, ya ce, "Meyo." Ya miƙo mini hula da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Baba, iska ta yi yawa. Ban ji komai ba."

Ban tambaye shi ba fa. Abokina ya yi ta tsokanata a hanya, ni da ba a cin bakina ina ta gyaran hula.

Da muka koma Kano, yarinyar nan ta zo sannu da zuwa. Ta durƙusa, ta ajiye kwanon abinci, ta ƙi tashi.

"Baba, ashe ba ka manta da shi ba."

Na ce, "Da me?"

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Na jawo hula har kan gira, na ce mata miyar ta yi gishiri, alhali ko murfin ban buɗe ba.