Baba Taɓa Ya Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, ina tsakiyar darasi a aji biyar, direban kamfanin sabulun da ke tallafa wa makarantarmu ya leƙo ta taga, ya ce manajansu ya rasu. Allin da ke hannuna ya faɗi. Yara suka tambaye ni wane ne, na ce Baba Taɓa.

Baba, yaranmu ne suka raɗa maka sunan nan, kuma kai ka jawo. Mu malamai abin da muka iya shi ne "kar ku taɓa". Kai kuwa ranar da ka sauke mana littattafan 'yan aji ɗaya da kayan gwajin kimiyya, ka tsaya a ƙofar aji da babban tumbinka kana cewa, "Ku taɓa mana! Naku ne, ku taɓa!" Direbanka ya ce a ofis ma har tsokanarka suke yi, wai Taɓa ko taɓaɓɓe, tunda kai kaɗai ne manajan da ke murna idan ya ga kayan kamfani sun tsufa.

Gaskiyarsu ce. Idan ka zo dubawa, ba ka kallon allon da muka rubuta godiya a kai. Littafi kake ɗagawa. In ka ga shatin yatsu da maiƙo, ga gefen da wani ɗan aji ɗaya ya tauna, sai fuskarka ta washe. Da waɗannan taunannun littattafai yaranmu da yawa suka fara haɗa baƙi.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da madubin ganin ƙananan halittu ya fashe. Shi kaɗai gare mu. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta ja shi don ta gani da kyau, ya zame daga kan tebur. Hankalin hedimasta ya tashi, don yana tsoron kamfani zai janye tallafinsa. Ya yanke cewa yarinyar ba za ta ƙara shiga ɗakin gwaji ba, ɗakin ma za a sa masa kwaɗo.

Da ka zo aka kawo ta gabanka tana kuka, hedimasta yana ta ba da haƙuri. Ko kallon tarkacen ba ka yi ba. Ka durƙusa da kyar, gwiwarka na ƙara, ka ce, "'Yata, kafin ya faɗi, me kika gani?"

Ta share hanci ta ce, "Baba, ruwan kwata ne Malama ta ɗiga. Wallahi akwai abubuwa a ciki, suna ta yawo!"

"Kin gan su da idonki?"

"Na gan su."

Ka miƙe ka dubi hedimasta ka ce, "To ai ya gama aikinsa, Malam. Don wannan muka saye shi." A makon nan ka aiko da wani, ka ce ita za ta fara leƙawa. Ba a taɓa sa wa ɗakin kwaɗo ba, har yau.

Na yi kukan rashinka, Baba, amma zuciyata a kwance take, domin na ga abin da ka tura gaba. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane harafi da yaran nan suka karanta ya zame maka lada. Ina miƙa ta'aziyyata da ta malamai da ɗalibanmu ga Hajiya mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da ma'aikatan kamfaninku. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Yadda ka durƙusa ka sassauta wa 'yar mutane a ranar da tsoro ya cika ta, Allah ya sassauta maka a ranar tambaya. Amin.