Ragon Inna a Kan Buhunan Talla

Shekarar da ciwon baya ya hana Inna sunkuyawa, sai ta aiko mini da ɗan ragonta daga Maiyama a kan babur, an rungumo shi kamar jinjiri. Saƙonta gajere ne: in kiwata mata shi a nan Jega, da shi take son yin layya, domin tun rasuwar Baba ba ta yanka nata na kanta ba. Uda ne, gaba baƙi, baya fari, kamar an fara tsoma shi a rini aka fasa.

Wata tara ina hidimarsa. Harawa, kowar wake, dussa da ɗan jiƙon kanwa, da ƙasarin wankin hatsi kowace safiya. Ya san takuna. In na idar da sallar asuba na ɗan tsaya lazimi, sai ya yi ta bugun turke da ƙaho har in fito. Ya cika ya batse, har matan unguwa kan shigo da sunan aron rariya don su gan shi.

Saura mako bakwai Sallah ƙanen maigidana ya shigo da labari. Irin mutanen nan ne da ba a san sana'arsu ba, amma ba baƙon da zai sauka a gari bai bi ta hannunsu ba. Wai wasu masu kamfanin abincin dabbobi sun zo daga birni, suna neman rago mai kyau su ɗauki hoton talla.

"Matar yaya, ragonki zai shiga duniya. Kalanda, allon bakin titi, waya, ko'ina."

"Na Inna ne. Kuma bai taɓa ɗanɗana abincinsu ba."

"To wa za ya tambaye shi?"

Na ce wannan ai ƙarya ce za a yi da bakin dabba. Malam, maigidana, ya ce hoto ne kawai, ba yanka ba, kuma ƙanensa ya riga ya amsa wa mutane. Na yi shiru. Wannan shirun har yau ina istigfari a kansa.

Sharaɗinsu na farko, ranar ɗaukar hoton kada a ba shi komai tun asuba, don yunwa ta sa ya tura kai cikin buhunsu. Ruwa ma sun hana, wai kada ya ɓata musu wuri. Ruwan dai na ba shi a ɓoye.

Da hantsi suka iso, su biyu. Ɗaya mai kyamara, siriri, da wando yagagge a gwiwa, aka ce mini haka ake sayensa. Ɗayan mai jar hula, shi ne babba, ba ya taɓa komai da hannunsa, sai nuni da makullin mota. Na sa hijabi na tsaya a bakin zaure. Ba wanda ya shafa ragon, ba wanda ya tambayi abin da yake ci. Mai jar hula ya zagaye shi sau ɗaya ya ce farin bai yi fari ba. Aka wanke shi da garin sabulu, aka ɗauraye da bula kamar rigar makaranta. Ƙahon kuma wai ba ya sheƙi, aka shafe shi da man gyaɗa. Kafin a jima ƙudajen Jega duk sun samu labari.

Daga nan aka ɗaure shi a rana, aka shiga jiran haske. Ni dai na ga rana tar a sama, har tana ƙona tafin ƙafa, amma masana suka ce hasken bai yi ba. Su suna cikin mota da sanyi suna shan lemo, shi yana haki, harshe waje. Na roƙa a matsar da shi gindin darbejiya, aka ce zai kwanta ya yi datti.

Bayan azahar suka jera buhunansu hawa uku a ƙofar gida, buhunan leda masu santsi. Aka kinkimi rago aka ɗora a sama, ƙafafunsa na rawa. Aka buɗe buhu ɗaya a gabansa. Ya sunsuna, ya yi atishawa, ya kau da kai. Dabbar da ta yini da yunwa ke nan. Na ji daɗin wannan a raina, Allah ya yafe mini. Ƙarshe ƙanen Malam ya shiga ya ɗebo dussata ya barbaɗa a saman buhun, sannan ya ci.

Sai mai kyamara ya ce fuskar ta yi baƙi, ba ta fita. Akwai wani faifai mai ƙyalli da suke maido da haske da shi, sun manto shi a masauki. Mai jar hula ya ce a samo madubi. Kafin in buɗe baki, ƙanen Malam ya fito da dogon madubin ɗakina.

"Kar ku sa mishi madubi gaba," na ce. "In ya ga wani rago, karo za ya kai."

Mai jar hula ya yi murmushin da ake yi wa yaro. "Hajiya, mun ɗauki dawaki, mun ɗauki shanu. Dabba ba ta gane madubi."

"Ai rashin ganewar nika faɗa muku."

"Matar yaya, shiga ciki ki duba tukunya," in ji ƙanen Malam, suka yi dariya.

Ya tsaya a gaban buhunan ya karkata madubin. Rago ya ɗago kai daga dussa. Ya ga wani uda ƙato, mai ƙahon sheƙi, ya zo cin abincinsa. Ya miƙe wuya, ya buɗe ƙirji. Mai kyamara har da durƙusawa: "Haka, haka, kar kowa ya motsa." Ragon ya ja da baya taku ɗaya. Duk wanda ya taɓa kiwo, ko na akuya ɗaya, ya san abin da ke biyo bayan wannan takun.

Buhun sama ya zame a ƙarƙashinsa. Ƙarar da na ji kamar an karya rake ce, ta riga ƙarar madubin. Ya yunƙura ya tashi, ƙafar gaba ta dama tana lilo. Bai yi kuka ba, sai wani nishi.

Abin da mai kyamara ya fara yi shi ne duba bayan kyamararsa. Ya ce, "Mun samu." Mai jar hula ya je ya duba ko ɓarɓashin madubi ya karce masa mota. Suka bar mana buhu biyu na abincin da ragon ya ƙi, a matsayin godiya.

Malam ya ce a yanka shi tun bai rame ba. Na ce amanar Inna ce, kuma ana ɗora mutane su tashi. Washegari muka sa shi a bayan motar albasa da za ta Aliero, garin masu ɗorin ƙashi, na zauna kusa da shi, kansa a cinyata. Maɗorin tsoho ne, mutane na jere a zaurensa da hannuwa a naɗe. Na zaci zai kore mu. Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya bi ƙashin da yatsa, ya ja, ya jera tsagin kara ya ɗaure, ya yi tofi.

"Mi ya same shi, ɗiyata?"

Na ba shi labari tun daga bula.

"Masu ilimi na?"

"Awo, Baba."

"Haka niz zata," ya ce, ya wanke hannu. Ya gargaɗe ni cewa karayar ta kusa gaɓa.

Na yi jinyarsa a inuwar rumfa, ina ba shi a hannu. Da aka kwance ɗorin, ƙafar ta haɗe, amma ta gajarta. A cikin makon ne ƙanen Malam ya kawo mini kalandar, da fara'arsa. Ga ragon Inna a tsaye kan buhuna, wuya miƙe, an ƙara masa ciyawa kore shar a baya, an rubuta cewa lafiyar dabbarka ita ce burinsu. Na naɗe masa abarsa na ce ya kai wa wanda bai ga ranar ba.

Na tambayi malaminmu na Islamiyya hukunci. Ya ce a sake shi cikin tumaki: in yana tafiya tare da su, layya ta yi, in gurguntar ta bayyana har suna barinsa a baya, ba ta yi ba. Maƙwabcinmu Bafillatani yana fita da tumaki fadama kowace safiya, muka haɗa da shi. Na tsaya a bakin zaure ina kallo. Kafin su kai kwanar masallaci, garken ya yi gaba, shi yana ɗingisawa a baya, yana tsayawa yana waiwayen gida.

Ana jibi Sallah na hau mota zuwa Maiyama. Ban ɓoye wa Inna komai ba, har shirun da na yi. Ta daɗe tana jan carbi.

"Yana cin abinci?"

"Yana ci, Inna."

"To ki bar shi ya ci. Allah ya ga niyya."

Na kwana biyu a wurinta. Ranar Sallah maƙwabta suka yi ta aiko mata da nama, tana sa albarka, kamar kowace shekara. Da la'asar na shiga ɗakinta neman ashana, na same ta riƙe da wasu sababbin farantai shida, ɗaure da igiyarsu ta kasuwa, waɗanda ta tanada don rabon nata naman. Ta miƙo mini ta ce in ɗora mata su a saman sif, hannunta ba ya kaiwa.