Ɗorawar Gidan su Yamusa

Kafin Maitama ta zama unguwar jakadu, ƙauye ce, Yamusa kuwa manomin doya ne a cikinta, ɗan Gbagyi mai faɗin kafaɗa da saurin fushi. Amininsa shi ne Sabo, Bakatsine mai sayar da goro, wanda ya sauka a gidansu tun yana saurayi. Kwano ɗaya suke ci.

Da maganar tasowar gwamnati daga Legas ta tabbata, aka kwashe mutanen ƙauyen zuwa Kubwa. Yamusa ya haƙura da gona, ya haƙura da rumbu. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne kabarin ubansa da ke gindin wata ɗorawa, wanda katafila ta bi ta kai ta shafe. Sai wani maƙwabcinsa, Kure, ya zo ya ce da idonsa ya ga Sabo a gaban motar masu awo, yana nuna musu ɗorawar da yatsa.

Yamusa bai bincika ba. Ya ce wa Kure, "Ka gaya masa ba na son ganinsa." Kafin saƙon ya isa Wuse, inda Sabo ya koma, ya zama, "In ka tako Kubwa, adda ce za ta tarbe ka." Amsar Sabo ma ta yi ƙiba a hanya. Shi ke nan, zumunci ya mutu a bakin Kure.

Yunwa ta sa Yamusa ya kama aikin ban ruwan fulawa a gidan wani oga, a kan ƙasar da ya taɓa nomawa. Kullum ya dawo yana huci, yana zagin Sabo. A shekarar da manyan motoci suka yi ta shigowa da kayan ofisoshi daga Legas, matarsa Christiana ta gaji.

"Baban Rita, da inuwa kake faɗa. Mutumin nan yana Kasuwar Wuse, ba lahira ya tafi ba."

Ya tafi da niyyar cin mutunci. Ya tsaya a kan tiren goron Sabo.

"Macuci! Ubana ya ba ka ɗaki, kai ka nuna musu kabarinsa!"

Sabo ya miƙe. "Na nuna, ƙwarai kuwa! Roƙonsu na yi su kewaye shi. Har ƙasa na durƙusa wa yaron da na girme wa. Suka ce to, washegari suka niƙe. Kai kana ina?"

"Me ya hana ka zo ka faɗa mini?"

"In zo ka sare ni da adda?"

"Wace adda? Uban wa ya ce adda?"

Suka yi cirko-cirko, 'yan kasuwa sun zagaye su. Sabo ya rufe goronsa da algarara ya ce, "Mu je in nuna maka wurin. Ban manta ba."

Wurin ya zama garejin wani katafaren gida. Maigadi ya daka musu tsawa su bar ƙofar. Sabo ne ya fi Yamusa ɗaga murya, sai da Yamusa ya janye shi da ƙarfi.

A cikin bas ba wanda ya nemi gafarar wani. Gardama suka yi ta yi a kan wanda ya fi wauta a cikinsu, har kwandasta ya ce su sauka ko su yi shiru. Ba su yi shiru ba.