Iya Ladi Ba Ta Karɓar Godiyar Wuta

A Tsibiri na yi ƙuruciyata, a gidan kakata ta wajen uba, Iya Ladi. Murhunta ba ya mutuwa. In ta gama tuwo sai ta binne gungumen ƙirya cikin toka, gari na wayewa ta tone, ta hura, wuta ta tashi. Ashana tana nan a kanti, amma matan unguwarmu ba sa ɓata ta a banza tunda ga Iya. Da la'asar 'yan mata ke shigowa da tsingaron tukunya su ɗebi garwashi su fita da sauri.

Hali ɗaya gare ta da kowa ya sani: ba ta karɓar godiyar wuta. Ka gode mata a kan fura ko goro, za ta amsa har da sa albarka. Amma yarinya ta kuskura ta ce "an gode" da garwashi a hannu, sai Iya ta kore ta da muciya.

"Ke tahi can! Ni na yi ta? Ni ma iske ta na yi."

Bayan an kai gero rumbu, sanyi ya fara shigowa, mu jikoki mukan kewaye murhun nan da an idar da isha'i, muna gasa gujiya a toka. Ni ne mai zama jikinta, ni ne kuma ragon cikinmu wajen barci. Takan ce, "Wanga mai gida nawa, ko kuɗin cefane babu, sai minshari." In za ta fara ba ta yin yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Baƙuwa ta iso, wa ka ba ta wuri?" Mu kuma mu amsa, "Mun matsa mata!" Har yau in na ji ƙamshin gujiya a toka sai kewar muryar nan ta kama ni.

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta wani gari da ba wanda ya san yadda ake yin wuta. Gadonta suka yi, daga gidan nan a kai gidan can. Wata shekara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana da kwanaki, har kowane murhu ya mutu. Mutane suka koma tauna ɗanyen gero. Maƙerin garin, da haushin zaman banza ya ishe shi, ya yi jifa da ƙarfensa. Ƙarfen ya daki dutse, tartsatsi ya faɗa kan auduga, sai ga hayaƙi. Ya sake gwadawa, ta sake kamawa. Ya fita yana buga ƙirji yana cewa shi ya halicci wuta.

"Sai gari yar rabu biyu," in ji Iya. "Wasu sunka duƙa mishi, sunka ce tunda ga mai yi a gida, roƙon mi za su yi kuma? Wasu sunka ce wutar la'ana ce, ba su dahuwa da ita, sunka zamna da yunwassu."

Ana haka wata tsohuwa ta zo da tsingaronta, ta ɗebi garwashi ta juya. Maƙeri ya ce, "Ke, ba godiya?" Ta tsaya ta dube shi ta ce, "Sannu da aiki dai, ɗana. Amma wa ya aje wutar cikin dutse tana jiran ka?"

Daidai nan barci ke sace ni, kullum. Da safe in na bi ta ina roƙon ƙarashe, sai ta riƙe haɓa. "Tatsuniya da rana? So kake ka ɓace a kasuwa?" Da daren kuma in sake yin barci. Daga baya aka kawo ni Maraɗi lakwal, wato makarantar boko, ita kuma ta rasu da wata damina ban kusa. Waɗanda muka zauna tare, da na tambaye su bayan mun girma, kowa da ƙarshen da yake ba ni.

Yanzu ina zaune a unguwar Zariya nan Maraɗi, ina da 'yar garka a Jiratawa. Ɗiyata Mariyama tana karatun ilimin halittu a jami'a, ita ce ta fara kai nan a duk danginmu. Bara ta same ni a garka ina yankan zogale, ta tsuguna gefen fangali ta ce za ta bar karatun.

Na ajiye lauje. Na ce ko wani ya taɓa ta ne.

Ta ce, "Ba kowa, Baba. A aji aka nuna muna masana a wata ƙasa sun yi amfani da na'ura sun haɗa abin gadon halitta a labo, ɗakin gwaje-gwajensu, sun sa shi cikin wata 'yar ƙwaya da ido ba ya gani, ta rayu, har ta hayayyafa. Tun ranar in na ta da salla sai zuciyata ta riƙa tambayata, in mutum ya iya yin rai, to Mahalicci fa? Tsoro nake ji. Gara in rasa karatu da in rasa imanina."

Ni ba malami ba ne, ban kuma san labo ba. Na ga dai yarinyata tana shirin yar da ɗaya daga abu biyu da na fi so ta riƙe. Ban taɓa jin rashin Iya kamar ranar ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne ta bari rana ta faɗi.

Da isha'i na hura gawayi a murhun shayi a tsakar gida, na ba ta labarin maƙeri. Muryata ba ta Iya ba ce, na yi ta tuntuɓe, amma na kai ga tambayar tsohuwar na yi shiru.

Ta ce, "Sai me ya faru?"

Na ce, "Nan nake barci."

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta nutsu. Ta ce, "Su waɗannan masanan, ƙwaya mai rai suka ara suka zuba nasu ciki. Amma Baba, in gobe suka yi ba tare da aro ba fa?"

Na ce, "Ai maƙerin ma bai ɗebo daga gidan kowa ba. Dutsen dai ba shi ya yi shi ba, hannun da ya yi jifan ma haka."

Ta daɗe tana juya gawayi da tsinke. Can ta ce in ita ce Iya, maƙerin zai koma ya zauna gaban dutsen nan yana mamaki, gobe ya ci gaba da ƙyasta wuta yana koya wa mutane, cika bakin ne kawai zai bari. Ban sani ba ko haka Iya ke ƙarasawa, ba kuma mai gaya mini yanzu. Da ina yaro na ɗauka labarin a kan girman kan maƙeri yake. Sai a daren na lura Iya ta fi jin takaicin waɗanda suka ƙi wutar suka kwana da yunwa, suna ganin tsoron Allah ke nan.

Mariyama ta koma karatunta da hutu ya ƙare. Ba zan ce tambayoyi sun bar ta ba, takan kira ni da wata sabuwa, amma tana sallarta tana zuwa labonta.

A daren nan, kafin ta shiga ɗaki, ta ɗauko kaskon turaren uwarta ta miƙo mini. Na zuba mata garwashi biyu. Ta ce, "An gode, Baba."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ke tahi can! Ni na yi ta?"